Ku Tambayi Mai Gareji: Wai Bugatti Za Ta Iya Zama a Yamai?

Assalamu alaikum masu karatu, ya zafi, ya haƙuri da ɗauke wuta. Wannan karon kusan duk saƙon da ya shigo magana ɗaya ce, motocin nan masu gudun tsiya da ake ƙera 'yan ƙalilan don manyan masu kuɗi, su Bugatti da Koenigsegg da Pagani, da alama bidiyonsu ne ke yawo a WhatsApp kwanan nan. To na tattaro su wuri guda. Mai tambayar kilim ɗin da ya daina sanyi da mai Starlet ɗin da ke shan mai, ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Salam mai gareji, ni ɗalibi ne, Bukoki nike zaune. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a fadarmu har shayi ya huce. Ni na ce indai kana da kuɗi ba motar da ba za ka iya saya ba duniyar nan, abokina ya ce wai akwai wadda ko ka zo da buhun kuɗi sai kamfanin ya ga dama. Dan Allah raba mu. Kuma irin ta Ronaldo nawa ce a sefa?

Amsa: Ƙanena sai dai ka biya kuɗin sikari, abokinka ya kayar da kai. Mu fara da kuɗin tunda shi ne mai sauƙi, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne kuma ba ya motsi. Bugatti Chiron, irin wadda Ronaldo ya nuna a 2017, lokacin da ta fito a 2016 yuro miliyan 2.4 aka sa mata, wato miliyar ɗaya da miliyan 574 na sefa kafin haraji. Ɗayar tasa mai suna Centodieci yuro miliyan 8 ce, sama da miliyar 5 kenan, kuma guda 10 tak aka yi duk duniya. Akwai La Voiture Noire ita kam tilo ce, miliyan 11 a 2019. In kana son abin ya shige ka, albashi mafi ƙaranci a ƙasar nan jika 42 ne a wata, mai ɗaukar wannan in bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba sai ya yi shekara 3,000 da ɗoriya kafin ya tara kuɗin Chiron guda.

To amma ba kuɗin ne ke buɗe ƙofa ba. Waɗannan ba motocin da ake jerawa a fili ka zo ka daki taya ka yi ciniki ba ne, tun kafin a ɗaura ƙusa ta farko an yanke adadin da za a yi. Bugatti Veyron guda 450 aka yi cikin shekara 10, daga 2005 zuwa 2015. Chiron 500. LaFerrari 499, McLaren P1 375, Koenigsegg Jesko 125, Pagani Utopia 99. Sau da yawa ranar da aka yaye mata mayafi gaban 'yan jarida an riga an sayar da su kaf, kai da ke kallo a waya labari kawai kake gani. Su Ferrari ma ba kai ke zuwa ba, su ke kiranka, kuma sai wanda ya daɗe yana sayen motocinsu, yana kai su gyara wurinsu, yana halartar tarukansu, bai taɓa karɓar sabuwa yau gobe ya sa ta kasuwa don riba ba. Ford da za ta fitar da GT a 2016 takardar neman izini ta sa mutane suka cika kamar masu neman aiki, wanda aka zaɓa kuma ya sa hannu ba zai sayar ba sai bayan shekara 2. Ɗan kokawar nan na Amurka John Cena ya sayar da tasa kafin lokaci, Ford ta maka shi kotu a 2017, daga baya suka sasanta. Ka ga mutum ya biya kuɗinsa cif amma sayarwa sai da izini.

Wolfgang Dürheimer, lokacin yana shugaban Bugatti a 2014, ya ce in aka yi matsakaicin lissafi mai sayen motarsu yana da mota 84 da jirgin sama 3 da jirgin ruwa guda. Irin mutanen da ke layi kenan. Inda kake da ɗan rabon gaskiya shi ne ta hannu, a gwanjo kam duk wanda ya fi ɗaga hannu shi ke ɗauka, sai dai sau da yawa zai biya fiye da kuɗin sabuwa.

Tambaya: Mai gareji ina gaisuwa. Daga Tawa ni ka rubuto maka, unguwar Bilbis. Na ga bidiyo anka ce motar ga tana kilo 400 cikin awa guda. To in haka na kenan Yamai zuwa Tawa awa guda da 'yan mintoci? Mu da ka wuni cikin kar muna tahiya wanga abu ya ɗaure min kai wlh.

Amsa: Mutanen Adar ina gajiya. A takarda lissafinka daidai ne, Yamai zuwa Tawa ta Doso da Dutsi da Ƙonni wajen kilomita 550 ne, a kilo 400 awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai. A kan kwalta kuwa ko Doso ba za ka kai ba, kuma ba ma sai mun kawo maganar rami ba tukuna.

Tankin Veyron lita 100 ne, in ka take ta har ƙasa minti 12 ya ƙare tas. Minti 12 a wannan gudun kilomita 80 kenan, ka wuce Kure ba ka kai Birnin Gaure ba, ka tsaya tsakiyar daji da jika hamsin na isansi da ta zama hayaƙi. Tayoyin su ma wajen minti 15 za su iya jure wannan gudun, shi ya sa masu ita ke raha wai Allah Ya taimaka mai ke riga taya ƙarewa. Dalilin shan man nan iska ce, mota in ta ninka gudu ƙarfin da take buƙata don ta keta iska ba ninki biyu yake ƙaruwa ba, ninki takwas ne. Shi ya sa mota mai doki 300 za ta iya yin kilo 250, amma Veyron sai da aka ba ta doki 1001 da silinda 16 da turbo 4 kafin ta kai 407.

Sannan ba haka kawai kake takawa ta tafi ba. Akwai makulli na biyu da ake sawa gefen kujerar direba, kuma sai motar na tsaye cik, sai ta duba kanta, ta kwanta ƙasa har ya rage santimita 6 da rabi tsakaninta da kwalta, ta maida fiffiken baya. Ka taɓa birki ko ka juya sitiyari da yawa ta fita daga wannan tsarin. Santimita 6 da rabi fa, ɗan'uwa, tudun rage gudu na farko da ke bakin ƙauye shi kenan an gama.

A kilo 400 kana cin mita 111 duk daƙiƙa guda. Da aka gwada Chiron a 2017 ta tashi daga tsaye ta kai 400 ta koma tsaye cikin daƙiƙa 42, birkin kaɗai ya ci mita 491, kuma ƙwararren ɗan tsere Juan Pablo Montoya ne a ciki, a fili mai kwalta sumul ba kowa. Yanzu ka kawo jakin da ke tsallakawa ba ruwansa, da amalanke, da kamiyon albasa da ya mutu bayan kwana an zuba masa ganye a hanya, da raƙuman dawan Kure. Kafin idonka ya gaya ma ƙafarka sai dai Innalillahi.

Waɗancan lambobin da kuke gani a wurare na musamman ake yin su. Kilo 490 da Chiron Super Sport 300+ ta yi a 2019 a filin gwajin Volkswagen ne na Ehra-Lessien a Jamus, mai miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita 9, Andy Wallace ya tuƙa, kuma sai da aka ɗauki hoton cikin kowace taya kamar na asibiti kafin a ɗaura ta. Koenigsegg Agera RS da ta yi 447 a 2017 hanya aka rufe mata a jihar Nevada ta Amurka. Wani attajiri ɗan ƙasar Cek, Radim Passer, ya yi 417 a babbar hanyar Jamus a 2021 da sassafe ba motoci sosai, duk da hanyar ba ta da iyakar gudu sai da aka yi ta cece-kuce har masu gabatar da ƙara suka bincike shi. In tsere za a yi Yamai zuwa Tawa ni kuɗina kan V8 zan sa, kai ko kar ɗin da kake kuka da ita.

Tambaya: Mai gareji barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a nan Yamai, Allah Ya rufa asiri, ina da V8 biyu da Mercedes. Tafiyata Dubai na ga Veyron ta hannu, gaskiya raina ya biya. Ba wasa nake ba, in na sayo ta me zan tarar?

Amsa: Alhaji Allah Ya ƙara buɗi. Tunda ka ce ba wasa kake ba ni ma ba zan yi maka wasa ba.

Shigowa tukuna. Ba motar da za a ɗora bisa kamiyo daga Lome a yi ta jijjiga ta kwana da kwanaki ba ce, jirgin sama ne zai sauke ta a filin Diori Hamani. Haka aka yi a Zambiya farkon 2020, ƙasa marar teku kamar tamu, wata Veyron ta sauka Lusaka hotonta ya cika intanet, ba a jima ba hukumar da ke binciken halasta kuɗin haram ta kama ta tana tambayar daga ina kuɗin suka fito. Ka shirya amsar wannan tambayar tun yanzu, don mota ce da ba ta ɓoyuwa. Sai duwan, TVA kaɗai kashi 19 cikin 100 ne, a kan mota mai darajar sabuwar Chiron kusan miliyan 300 kenan ba a zo kan sauran ba.

Sai mai. Injin nan isansi mai lamba 98 aka tsara masa, mu kuwa a gidan mai super ɗaya ce kowa ke sha daga kabu-kabu har motar minista, ba a tambayarka wace lamba kake so. Injin da turbo 4 ke dannawa iska in ya samu man da bai kai ba sai man ya riƙa kamawa kafin lokacinsa, kwamfutar motar ta rage ƙarfi don ta ceci kanta, ka ga ka biya kuɗin doki 1001 kana hawan abin da bai kai ba. Ruwa-ruwa na kwalba kuwa kar ma a yi maganarsa. Cikin gari tana shan wajen lita 40 a kilomita 100, wannan na san bai dame ka ba. Abin da ya kamata ya dame ka zafi ne da ƙura. Radiyato 10 gare ta saboda zafin da injin ke fitarwa, ka kawo ta watan Afrilu ana digiri 45 ka tsaya cunkoson gadar Kennedy, sannan hunturu ya zo ya cika duk ramukan shan iskar nan da ƙura.

Bidanji. Wurin zubar da baƙin mai 16 gare ta, kuma kafin a kai ga wasu sai an kwance tayoyin baya da jikin bayan motar, aikin fiye da wuni guda, masu ita a Amurka suna biyan wajen dalar Amurka 20,000, kuma duk shekara ne ko ka hau ko ba ka hau ba. Tayoyinta Michelin ce ta yi su don ita kaɗai, manne su ake yi da ƙarfen taya da gam, saiti guda daga dalar Amurka 25,000 har 40,000 da ɗoriya, kuma suna tsufa ko tana ajiye. Ba mai faci a Katako ko Wadata da zai taɓa su. Irin dokin sukuwa ce Alhaji, ko shekara ya yi bai fita fage ba kullum sai ya ci hatsinsa, ga mai kula da shi, ga mai magani.

Mai maganin nata kuwa ba ya nan. Bugatti ba ta da wakili a Afirka ta Yamma, gidanta Molsheim ne a Faransa, suna da makanikai da ke hawa jirgi su je duk inda mota take, kuma motar da kanta tana aika musu labarin lafiyarta. Abin sha'awa ne, amma ka lura da abin da yake nufi, duk fitilar da ta kama a gabanka sai ka jira bature ya samu biza. Ni da na yi shekaru cikin baƙin mai ba zan sa mata sifana ba, kuma duk wanda ya ce maka zai iya ka riƙe makullinka da kyau. Jikinta ma ba ƙarfe ba ne da tolye zai buga ya shafa mastik, yawancinsa zaren kabon ne, shi ba ya lotsawa tsagewa yake, sai dai a yo odar sabo. Ɗan wasan barkwancin nan na Ingila Rowan Atkinson da ya buga McLaren F1 ɗinsa a 2011, kamfanin inshora fam 910,000 ya biya gyara, sai da aka yi fiye da shekara ana aikin. Je ka tambayi mai asiransinka ko zai ɗauki irin wannan, ka dubi fuskarsa.

A ina ma za ka hau ta? Hanyar filin jirgi da aka yi a 2019 wajen kilomita 9 ce, sai gada ta uku, sai ka zagaya Plateau ka dawo. Damina ta zo ruwa ya kwanta a titi, yashi ya hau kwalta, ƙofar gidanka ma in akwai ɗan gangare sai hancin motar ya daki ƙasa. Shi ya sa da yawa daga attajiran Afirka masu irin waɗannan can suke barin su Turai ko Dubai inda akwai mai, akwai gareji, akwai filin tsere da ake biya a shiga. In ranka ya ƙi haƙura to ka saya ka bar ta can, in ka je sari ka hau. In nan kake son abin da za a juyo a kalle ka, kuɗin tayarta da bidanjinta na 'yan shekaru ya ishe ka sabuwar Land Cruiser da za ta kai ka har Agadas.

Tambaya: Sannu da aiki. Ni matar aure ce daga Yantala. Maigidana kullum yana cewa masu sayen waɗannan motocin ba wawaye ba ne, ajiyar kuɗi ce ta fi fili ta fi zinariya. Gaskiya ne? Kuma akwai zakka a kansu?

Amsa: Hajiya a gaida maigida, a ce masa rabin maganarsa ta tsaya. Misalin da kowa ke kawowa McLaren F1 ce, guda 106 aka yi tsakanin 1992 da 1998, a ciki 64 ne na hawa titi, direba a tsakiya yake zama, murfin injin an shafe shi da zinariya don zafi. Sabuwarta wajen dalar Amurka miliyan ɗaya ce, a 2021 aka sayar da guda a gwanjo a Kalifoniya sama da miliyan 20. To amma ki ji sirrin, wannan motar tun da aka ƙera ta ba ta yi kilomita 400 ba. Kuɗin na wanda bai hau ba ne. Duk kilomitar da ta ƙaru farashi na sauka, shi ya sa za ki ga mutum ya mallaki motar da ta fi kowace gudu amma a ɗaki mai sanyi take an jona mata caja, ana biyan mai goge ta.

Kuma ba kowace ke tashi ba. Jaguar XJ220 mutane sun zuba kafin alƙalami an yi musu alkawarin inji mai silinda 12, da ta fito a 1992 sai ga silinda 6, kuɗi fam 470,000, tattalin arziki kuma ya karye, wasu suka ƙi karɓa har aka je kotu, ba a kai ga ƙera 300 ba, ta yi shekaru ana sayar da ita ƙasa da kuɗinta. Fili kuwa ba ya neman bidanji, zinariya ba ta neman taya.

Wani abin kuma, dukiya ce mai tona asiri. Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ekwatoriyal Gini kuma mataimakinsa, hukumomin Suwizalan sun kama motocinsa a 2016, a watan Satumba 2019 aka yi gwanjon guda 25 kusa da Janeba aka samu wajen dalar Amurka miliyan 27, a ciki har da Lamborghini Veneno marar rufi wadda 9 ne kawai a duniya. Da yawansu ko hawan kirki ba a yi musu ba.

Zakka kuwa, motar da mutum ya saya don hawa ba zakka a kanta komai tsadarta. In da niyyar sayarwa ya saya ta zama hajar kasuwanci, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya ajiye haja yana jiran ta yi tsada, ranar da ya sayar yake fitar da ɗaya bisa arba'in na shekara guda.

Tambaya: Mai gareji ni taksi nike ja shekara da shekaru. Permi na ya isa in tuƙa ta ko sai na musamman?

Amsa: Abokin aiki permi B ɗinka ya isa, doka ba ta raba ta da taksinka ba. Abin mamaki ma Veyron da Chiron ba su da wuyar ja a hankali, ba ambireyaj, bites 7 ne ke canza kansu, taya huɗun duk suna ja. Wahalar a gari faɗi ne, Chiron ta haura mita 2, ba ka ganin baya, kana zaune ƙasa ƙasa kanka daidai tayar kamiyo, kuma duk ɗan kabu-kabu sai ya matso ya ɗauki hoto. Wurin kaya lita 44, ko buhun shinkafa ba zai shiga ba. Haɗarin a ƙafar dama yake, daga tsaye zuwa kilo 100 daƙiƙa 2 da rabi, jiki bai saba ba, kafin ka ankara ka iso inda kake kallo. Elon Musk da bakinsa ya ba da labarin yadda ya tashi nuna ma abokinsa abin da McLaren F1 ɗinsa ke iyawa a shekarar 2000, motar ta juya ta tashi sama ta ragargaje, ba inshora.

Wasu kuwa ba su da ladabi sam. Aston Martin Valkyrie ƙarar injinta sai an toshe kunne da na'urar magana irin ta matuƙan jirgi. Mercedes-AMG One, guda 275, injin motar tseren Formula 1 aka sa mata, kilomita 50,000 sai an sauke shi an sake ɗaurawa. Taksinka sau nawa ta ninka wannan?

Tambaya: Na ga an sa Bugatti a Facebook wai tana Kwatano miliyan 40, mai ita na gaggawa ne, a tura miliyan 2 a riƙe min.

Amsa: Kar ka tura ko dala. Veyron mafi tsufa ta hannu ta haura dalar Amurka miliyan ɗaya, kuma kowace guda an san lambar shasinta da inda take. Ko dai hoton wani aka sato, ko tsohuwar mota ce aka yi wa riga da roba. Cinikin biri a sama kenan.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ni aparanti ne a gareji a Tawa shekarata 17, ina son wata rana in yi aikin irin waɗannan motoci, abokaina na min dariya. Ta ina zan fara?

Amsa: Lafiya lau ɗana, bar su su yi dariya. Horacio Pagani ɗan mai gidan burodi ne a wani ƙaramin gari a Ajantina, ya tafi Italiya farkon shekarun 1980 ya shiga Lamborghini a ƙaramin ma'aikaci, da suka ƙi sayen tukunyar gasa kabon ya ci bashin banki ya sayi tasa, a 1999 ya fito da Zonda. Mate Rimac na Kuroshiya tsohuwar BMW ce injinta ya fashe masa, ya cire ya sa mata na lantarki a garejin gida yana saurayi, yau Nevera ɗinsa mai doki 1914 guda 150 aka tsara yi, kuma tun 2021 shi ke jagorancin Bugatti ɗin kanta.

Ka lura duk biyun abin da manyansu suka raina suka kama. A wurinka wannan abin wuta ce da kwamfuta. Makanikai masu kwance inji sun yi yawa a Tawa da Yamai, amma wanda zai jona baliz, wato na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ya karanta lambar matsala ya bi waya da mita har ya gano inda ta yanke, ba ya yi ta canza fiyes yana gwaji da kuɗin mutane ba, su kaɗan ne. Sabuwar Bugatti Tourbillon ta 2024 inji ne da lantarki haɗe, LaFerrari da P1 da Porsche 918 tun 2013 haka suke, kuma tushen aikin ɗaya ne da na Prius ɗin da ke shigowa garejinku. Ka riƙe lissafi, ka koyi Faransanci da ɗan Turancin da za ka karanta zanen wayoyi, ka nemi mai gidanka ya bar ka wurin mai aikin wuta ko kwana biyu a mako. In Prius ta shigo kuwa, wayoyin nan masu ruwan lemu sama da bolt 200 ke cikinsu, kar ka kusance su sai ka kashe mota, ka sa safar roba ta masu aikin wuta, ka zare filogin batirin baya, ka jira minti 10.